Karatun Lauya: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata tambaya da ke yawan tasowa a gidajenmu na Sakkwato, musamman a lokacin da yara suke cike takardun JAMB, da kuma lokacin da sunayen masu tafiya Makarantar Horas da Lauyoyi suka fito. Tambayar ita ce, shin karatun lauya ya cancanci dukiyar da ake zuba masa da shekarun da yake ci? Ni ba lauya ba ne, tsohon magatakardan kotu ne, kuma aikin ya zaunar da ni tsakanin alƙali da lauyoyi da masu ƙara na lokaci mai tsawo. Amsata ita ce karatun ya cancanta, amma ba ta fuskar da yawancin iyaye suke yin lissafinsu ba, kuma muddin ba a gyara lissafin ba, za a ci gaba da samun gidajen da suka sayar da gona ko shanu, sannan suka koma suna jin haushin ɗan da bai yi laifin komai ba.

Bari in fara da shekaru, domin su ne tsadar da aka fi mantawa da ita. Yaron da ya shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko wata jami'a, ta hanyar JAMB, zai yi shekara 5 kafin ya karɓi digirin farko a fannin shari'a, alhali abokinsa da ya zaɓi tarihi ko tattalin arziki zai gama a shekara 4. Digirin nan kuwa hangen Dala ne, ba shiga birni ba, domin bai ba mai shi ikon tsayawa gaban alƙali da sunan lauya ba. Sai ya ƙara shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, ya ci jarrabawar ƙarshe, a rantsar da shi, a sa sunansa a kundin Kotun Ƙoli, sannan ya tafi bautar ƙasa ta shekara guda. Shekara 7 ke nan idan komai ya tafi daidai, kuma mun san ba kasafai yake tafiya daidai ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata 9, na 2022 ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda haka akwai ɗaliban da suka shiga jami'a gemu bai fito musu ba, suka fito sa'o'insu na kasuwa sun yi aure har da 'ya'ya.

Akwai kuma wani jinkirin da iyaye da yawa ba su san da shi ba sai ya faɗa musu. Majalisar Kula da Ilimin Shari'a, wadda Makarantar Horas da Lauyoyi take ƙarƙashinta, tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta iya turawa a shekara. Jami'ar da ta ɗebi ɗalibai fiye da gurabenta, to, rarar za su zauna gida su jira layi, wani shekara guda, wani fiye da haka, da digiri a hannu amma ba lauya ba, ba kuma ɗalibi ba. Waɗanda suka yi karatun shari'a ta hanyar karatu daga gida sun sha irin wannan zaman na shekaru, domin majalisar ba ta amince da tsarin ba. Saboda haka kafin uba ya biya ko sisin kwabo, musamman a jami'o'i masu zaman kansu da kuɗinsu ke kai miliyoyi, ya wajaba ya tambaya ko majalisar ta amince da tsangayar, ya kuma tambaya gurabe nawa aka ba ta da ɗalibai nawa take da su a aji guda. Wanda ya ji kunyar yin waɗannan tambayoyi biyu, yana iya biyan kuɗin kunyar da shekarun ɗansa.

Sai batun kuɗi. An kafa Makarantar Horas da Lauyoyi da dokar 1962, ta fara aiki a Legas a 1963 da ɗalibai 8 kacal, a wani gini da ke titin Igbosere. Yau hedikwatarta tana Bwari kusa da Abuja, inda ta koma a 1997, tana kuma da rassa a Legas, Inugu, Bagauda ta jihar Kano, Yola, Yenagoa da Fatakwal. Duk faɗin Arewa maso Yamma reshen Bagauda ne kaɗai, kuma makaranta ce ke da ta cewa a kan inda za a tura ɗalibi, don haka ɗan Wurno ko ɗan Yabo yana iya tsintar kansa a Yenagoa, inda kuɗin mota zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya hana shi zuwa gida ko da rasuwa aka yi. A zangon karatu na 2023/2024 an ɗaga kuɗin makarantar daga naira 296,000 zuwa naira 476,000, har Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da ƙarin. A wannan lokaci mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, wato ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashin kusan wata 16, bai ci ba bai sha ba, kafin ya biya wa ɗansa. Ko bayan da aka mayar da albashin naira 70,000 a 2024, lissafin yana kaiwa kusan wata 7.

Kuma wannan kuɗin shiga ne kawai. A bayansa akwai kwamfutar hannu, da littattafai, da baƙaƙen kwat da fararen riguna da baƙin takalmi waɗanda dokar makarantar ta wajabta, da abincin shekara guda a garin da ba ka da kowa, ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Akwai makonnin da ake tura ɗalibai kotuna da ofisoshin lauyoyi su ga yadda aiki yake, kuma da aljihunsu suke zirga-zirgar. Akwai liyafar cin abinci sau 3 da dattawan lauyoyi suka sa ta zama sharaɗi. Idan an ci jarrabawa, sai sayen hular gashi da baƙar riga, da kuɗin rantsarwa, da tafiya Abuja, inda uwa da uba da ƙanne kowa yake son ya je ya gani da idonsa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Idan kuwa ba a ci ba, sai a sake biya a sake zama. Duk wanda ya tara waɗannan da gaskiya zai ga cewa kuɗin makaranta bai fi wani yanki na abin da gida ke fitarwa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo bayan rantsarwa, domin a nan ne tsammanin iyaye ke karo da halin da ake ciki. Na sha ganin matashin lauya ya sauka daga kabu-kabu da sassafe, cikin baƙar kwat a tsakiyar zafin Afrilu na Sakkwato, fayil a hammata, farin wuyan rigarsa ya riga ya jiƙe da gumi, ya zauna har azahar yana jiran a kira shari'ar maigidansa, daga bisani a ɗage ta zuwa wata mai zuwa saboda mai gabatar da ƙara bai zo da shaida ba. Abin da zai samu a wannan yini, idan an cire kuɗin mashin, sau da yawa bai wuce na abincin rana ba. A gida kuwa ana ce masa Barista, ƙanne na jiran kuɗin makaranta, gwaggo na jiran na magani, kuma duk ɗan unguwar da aka kai caji ofis shi za a tasa cikin dare, a sallame shi da "Allah shi yi albarka". Addu'a abin so ce, amma ba ta biyan kuɗin lasisin da lauya ke biya kowace shekara kafin ƙarshen Maris, ko na hatimi, ko na ƙungiya.

Ƙa'idojin sana'ar ma sun ɗaure masa hannu ta inda ba su ɗaure na sauran masu digiri ba. Lauyan da ke aiki ba a yarda ya riƙa saye da sayarwa da kansa kamar ɗan kasuwa ba, ba a kuma yarda ya bi mutane yana tallar kansa ba. Ƙananan ayyukan da matasa ke rage zafi da su a da, su ma sun ragu, domin tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum yana iya yi wa kasuwancinsa rajista ta intanet ba sai ya nemi lauya ba. Manyan ayyukan da ke kawo kuɗi masu kauri, irin na bankuna da kamfanonin mai da na sadarwa, suna Legas da Abuja da Fatakwal. A nan garin, abin da ya fi yawa shi ne rikicin fili da gona, da gado, da bashi, da beli, kuma masu irin waɗannan shari'o'i talakawa ne. An fitar da dokar da ta ƙayyade mafi ƙarancin ladan lauya a 2023, amma doka ba ta sa kuɗi a aljihun manomin da ya zo daga Silame da kuɗin motar komawa kawai.

To, daga ina iyaye suke samun tsammaninsu? Suna kallon waɗanda suka kai, kuma gaskiya ne an kai. Aminu Waziri Tambuwal da Abubakar Malami duk a jami'ar garin nan suka yi karatun shari'a, kuma duk a 1992 aka rantsar da su. Sai dai a duba tazarar. Malami ya samu muƙamin SAN, wato babban lauyan Najeriya, a 2008, bayan shekara 16, ya zama Ministan Shari'a a 2015. Tambuwal ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 2011, bayan shekara 19, kuma ta ƙofar siyasa ya shiga. Kundin tsarin mulkin 1999 da kansa ya gina sana'ar a kan jira, domin sai lauya ya shekara 10 da rantsarwa kafin ya cancanci zama alƙalin Babbar Kotu ko Kwamishinan Shari'a, shekara 12 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara, shekara 15 kafin Kotun Ƙoli. Muƙamin SAN ma ba a nemansa sai an cika shekara 10. Karatun lauya dashen dabino ne, wanda ya ɗauke shi shukar gero da za a girbe bayan damina ɗaya, shi ya cuci kansa.

Duk da wannan, ban yarda da masu cewa a daina tura yara ba, kuma dalilina shi ne abin da na gani a ɗaya gefen tebur. Na ga macen da ta zo daga ƙauye, mijinta ya rasu, 'yan'uwansa sun riƙe fadamar da take ciyar da marayu da ita, hujjarta duka falle ɗaya ne da aka yago daga littafin makaranta, an rubuta ciniki da ajami, ga dangwalen yatsun shaidu a ƙasa, kuma mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Irin wannan mata tana da gaskiya, amma ba ta san wa za ta kira ba, ba ta san abin da za ta nema daga kotu ba, ba ta san akwai wa'adin ɗaukaka ƙara da idan ya wuce sai an nemi izini ba. Idan ta samu lauyan da ya iya karanta takardar nan, ya san hukuncin gado da na shaida, ya kuma jure zuwa ƙauyen ya nemo wanda ya rage a raye, to fadamar tana iya dawowa. Idan ba ta samu ba, sai ta naɗe takardarta a bakin zane ta koma gida. Haka kuma kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, kuma da yawansu abin da ya raba su da gida bai wuce rashin wanda zai rubuta takardar neman beli ya bi ta ba. Hukumar ba da agajin lauya da aka kafa tun 1976 tana ƙoƙari, amma ma'aikatanta ba su kai yawan masu buƙata ba.

Ga kuma wata baiwa da ɗan Sakkwato yake da ita wadda kuɗi ba ya sayenta cikin sauƙi. Garin nan ya gaji ilimin hukunci da alƙalanci tun zamanin Shehu Usmanu da ƙaninsa Malam Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, kuma jami'armu tana koyar da dokokin ƙasa haɗe da shari'ar Musulunci a digiri ɗaya. Yaron da ya tashi a makarantar zaure ya san fiƙihun Malikiyya, sannan ya ƙara da wannan digiri, yana iya tsayawa a kotun majistare da safe, ya tsaya a kotun shari'ar Musulunci da rana, kuma a ko'ina ba baƙo ba ne. Ƙasar tana buƙatar irinsa har sama, tun da tsarin mulki ya ce dole a samu aƙalla alƙalai 3 masana shari'ar Musulunci a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya. Masu dogon tunani za su tuna hukuncin jifa da wata kotu ta yanke wa wata mata a Gwadabawa a 2001, wanda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jihar nan ta soke a watan Maris na 2002. An yi ta hayaniya daga ƙasashen waje, amma hujjojin da alƙalai suka karɓa daga cikin shari'ar kanta suka fito, ciki har da cewa abin da ake tuhuma ya faru kafin dokar ta fara aiki. Lauyan da ya san ɓangarorin biyu ne kaɗai zai iya kawo irin wannan hujja. Masu ƙyamar aikin da cewa kare ƙarya ne, ina tunatar da su cewa wakilci a gaban alƙali abu ne da malaman fiƙihu suka sani suka yi masa babi, kuma lauyan da ya sayar da gaskiya laifinsa ne shi kaɗai, kamar yadda ɗan kasuwa mai tauye mudu bai haramta kasuwanci ba.

Game da 'ya'ya mata, buƙatar ta fi tsanani, domin akwai maganar aure da shayarwa da cin zarafi da mace ba za ta iya buɗe baki ta faɗa wa namiji ba. Mai shari'a Aloma Mukhtar, wadda ita ce lauya mace ta farko daga Arewa, ta kai ga shugabancin alƙalan ƙasa daga 2012 zuwa 2014, kuma tun 2018 aka amince mace ta sa hijabi a wurin rantsarwa, don haka uzurin da wasu iyaye ke kawowa ta wannan fuska ya kau.

Amma ba kowane yaro ne ya dace a tura ba, kuma faɗin haka ba rashin tausayi ba ne. Wanda ba ya son karatu mai yawa da rubutu mai tsawo, wanda Turancinsa bai zauna ba kuma bai da niyyar gyara shi, wanda ubansa ne ke sha'awar a kira shi baban Barista alhali shi zuciyarsa tana wani wuri, wannan za a kashe masa shekara 7 ko 8 ya fito yana ƙin abin da ya koya. Haka gidan da ke jiran yaro ya fara kawo cefane nan da shekara 3, gara ya duba aikin jinya ko koyarwa ko sana'ar hannu, domin babu abin kunya a cikinsu. Wanda kuma aka tura, a gaya masa tun farko cewa kotu ba ita kaɗai ce ƙofa ba. Akwai Ma'aikatar Shari'a, da kujerar majistare, da koyarwa, da bankuna, da aikin soja da na 'yan sanda, inda dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi a samu aƙalla jami'i ɗaya lauya a kowane babban ofishin yanki.

Abin da nake ganin bai dace ba shi ne yadda amfanin karatun ke komawa ga jama'a duka, amma nauyinsa yana kan uba ɗaya. A wasu shekaru mukan ji gwamnati ko wani mai hali ya biya wa ɗalibai kuɗin makarantar, kuma Allah ya saka musu da alheri, sai dai kyautar da ba a san ko za ta zo ba, ba a gina shiri a kanta, kuma takan iso bayan an riga an ci bashi. Ina kira ga gwamnatin jiha da ta mayar da wannan tallafi tsayayyen tsari mai kaso a kasafin kuɗi, a biya shi kafin ranar rufe rajista, ya haɗa da kuɗin abinci da na tafiya, a zaɓi masu cin gajiyarsa bisa ƙwazo da rashin hali, ba bisa sanayya ba. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha tana iya buɗe waƙafi na musamman da attajiranmu za su sa hannu a ciki domin marayu da 'ya'yan talakawa masu wannan karatu. Manyan lauyoyin garin nan kuma, waɗanda su ma sun taɓa hawa mashin da fayil a hammata, ya kamata reshen ƙungiyarsu ya tsayar da mafi ƙarancin abin da za a riƙa biyan ƙaramin lauya a wata, a kuma bi shi.

A madadin tallafin, sai a ɗora wa wanda aka biya wa sharaɗin yin aiki na shekara 2 ko 3 a ƙananan hukumomi, da albashi da wurin kwana. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 23, amma kusan dukkan ofisoshin lauyoyi a cikin birni suke, ta yadda mutumin Gudu ko Tangaza ko Isa ko Sabon Birni sai ya yi tafiya mai nisa, a kan hanyar da ba kullum take da aminci ba, kafin ya ga wanda zai karanta masa sammaci. Idan aka ajiye matashin lauya ɗaya a kowace sakatariya, yana duba waɗanda ke tsare, yana rubuta wa manoma yarjejeniyar cinikin gona da ta jingina tun kafin rikici ya tashi, shi ya samu albashi da gogewa a shekarun da suka fi yi masa wuya, kotunan birni kuma su samu sauƙin cunkoso.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Tsohon magatakardan kotu,
Runjin Sambo, Sakkwato.